Nonon Wanke Ƙirji

Maigidana manomi ne kafin ya fara fasa dutse, kuma har Allah ya karɓi abinsa, in aka tambaye shi sana'arsa, noma yake cewa. Mutumin Kwandiko ne, a ƙasar Gwaram. Can aka kai ni gidansa, can na haifi 'yarmu. Gonarsu ta gado ba ta da faɗi, shi da ƙaninsa suke noma ta. Akwai wata tsohuwar tsamiya a gefenta na gabas, inda ake ajiye tulun ruwa da abincin rana. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba. Da aka gama ɗan girbin da aka samu, sai ya ce zai tafi Birnin Kudu cin rani, an ce ana neman masu ƙarfi a wajen dutse. Rani ɗaya ya ce mini. Da damina ta zo bai dawo ba, sai aike ya yi aka ɗauko mu, ni da yarinyar da 'yan kwanukana.

Tun daga nan, duk shekara in gabas ta fara haɗa hadari, sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, ya ce baɗi war haka muna Kwandiko. Na ji maganar har na daina amsawa. Yarinyar da muka zo da ita a goye ta girma tana jin ta, har muka aurar da ita.

Da farko da hannu suke aikin. Su tara itace da tsofaffin tayoyin mota a kan dutse, su cinna wuta, ta yi ta ci har dutsen ya tsage, sannan su bi shi da guduma. Abin da ya fi damunsa a lokacin baƙin hayaƙi ne, da ɓarɓashin dutse mai tashi ya yanki ƙafa. Daga baya wasu masu hali suka kawo injuna, ɗaya yana huda dutse a zuba nakiya a fasa, ɗaya yana niƙa shi ya zama tsakuwa, tifofi suna kwasa. Aka ɗora shi a kan injin huda, don yana da ƙarfin kafaɗa kuma ba ya gardama. Ranar mun yi murna, har shinkafa da wake na dafa.

Sai ya fara dawowa gida fari fat, kamar wanda ya faɗa buhun gari. Gashin kansa, gemunsa, har gashin idonsa. Ranar farko yarinyar ta ruga ta ɓuya a bayana. Ya tsuguna ya ce mata kakanta ne ya zo daga ƙauye, ta zo ta gaishe shi. Ba ta yarda ba sai da ya wanke fuska.

Gidanmu bai da nisa da dutsen. In za a tada nakiya, wani yakan busa usur, mata mu fito mu tattara yara mu shige ɗaki. Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarma, kwanukan jere su kaɗa, wani lokaci ƙasar rufi ta zubo. Bangon ɗakinmu ya tsage daga sama har ƙasa, muna liƙewa yana sake buɗewa. Bayan ƙarar kuma sai ƙurar ta taso a hankali, ta sauka a kan shanya, a kan kuɓewar da na baza, a bakin randa. Komai da faifai muke rufe shi, duk da haka in kana cin tuwo sai ka ji tsakuwa-tsakuwa a haƙori. Yaran unguwa ba sa rabuwa da tari da jan ido. Mun saba, har in baƙo ya zo yana toshe hanci mukan yi masa dariya.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne nono. Kowa a wajen dutsen ya san nono yana wanke ƙura daga ƙirji. Ban san wanda ya fara faɗa ba, haka muka tarar. In ma'aikaci ya tashi aiki, kafin ya ci komai, sai ya sha nono, ya bi maƙogwaro ya tafi da abin da aka shaƙa tun safe. Samari sukan sayi madarar gwangwani su huda su zuƙe a tsaye. Maigidana ya ce wannan ta shayi ce, shi na shanu yake so, kindirmo mai kauri wanda zai kama ƙurar da kyau. An taɓa raba musu abin rufe hanci. Ya sa na ɗan lokaci, ya ce yana toshewa, ga zafi, sai ya bar shi yana reto a wuya. In na yi magana ya ce ai nono yana jiransa a gida.

Wata Bafulatana ce ke kawo mana, daga wata ruga ta wajen hanyar Gwaram. Ta girme ni sosai, Inna muke ce mata. Ni kuwa amarya take kirana, har furfura ta fito mini ba ta canja ba. Takan iso da la'asar, ta sauke ƙwaryarta a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ta ɗaga faifai ta kore ƙuda. Nasa daban take zuwa da shi a ƙaramar ƙwarya, ba ta taɓa sa masa ruwa ba. Sau da yawa isowarta takan yi daidai da dawowarsa.

"Mai farin kai," za ta ce, "yau ma dutsen ka ci?"

"Shi na ci, Inna. Miƙo mini ruwan wanke kwano."

"Ku ji Kaɗo! Nonon shanuna ne ruwan wanke kwano?"

Sai ya zauna a kan tushen bishiyar, ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla. Ba ya sauke ƙwaryar sai ta ƙare. Ya goge gemu, ya buga ƙirji da tafin hannu, ya ce ya ji ta sauka. Ni ina tsaye daga cikin zaure ina kallon maƙogwaronsa yana motsi, ina jin kamar da hannuna nake wanke shi. A duk yinin, wannan ne lokacin da na fi so.

Ba tari ne ya fara nuna mini ciwonsa ba. Tafiyarsa masallaci ce. Na lura yakan tsaya a rabin hanya ya dafa katangar maƙwabta, kamar mai jiran wani. Sannan ya daina ja mini ruwa a rijiya, shi da ba ya bari in taɓa guga in yana gida. In yana nafila a ɗaki, surorin da yake ja da tsawo suka koma gajeru, yana yanke aya inda ba a yankewa. Da tarin ya zo, busasshe ne, ba ya fitar da komai. Na ce wa Inna ta ƙara nonon, ta riƙa kawo na safe ma. Ta ƙara. Har man shanu ta kawo, ta ce a narka masa a cikin kunu.

A asibiti da farko suka ce tarin fuka ne. Ya sha ƙwayoyi wata da watanni, bai tsallake ko ɗaya ba, ni nake miƙa masa. Rama ta ci gaba. Rigunansa suka yi masa yawa, kafaɗun da aka ɗauke shi aiki dominsu suka zama ƙashi. Ya bar injin huda ya koma gadin ƙofa, daga baya gadin ma ya gagara. Aka tura mu ɗaukar hoton ƙirji.

Likitan da ya duba hoton ba yaro ba ne. Ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi aikin da yake yi. Maigidana ya ce noma. Ni na ce dutse yake hudawa. Likitan ya gyaɗa kai. Ya nuna mana wasu fararen ɗigo-ɗigo ko'ina a cikin hoton, ya ce ƙurar dutse ce ta zauna a huhu, huhun ya yi tauri a kanta. Ya ce za a ba shi abin da zai sauƙaƙa numfashi, amma abin da ya shiga ba ya fita.

Na ce, likita, ai yana shan nono. Kullum yana sha, ko rana ɗaya ba mu fasa ba.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ajiye hoton ya ce, "Nono abinci ne mai kyau, Hajiya, ki ci gaba da ba shi. Amma shi ciki yake tafiya. Ƙurar kuma ta hanyar iska take bi. Ba sa haɗuwa."

Muka fito muka zauna a kan benci a inuwa, don ba ya iya kaiwa bakin titi a tafiya ɗaya. Ina riƙe da hoton a cikin babbar takardarsa, ban san inda zan sa shi ba. Na tuna duk yammacin da na tsaya a zaure ina kallon maƙogwaronsa. Shi kuwa yana kallon ƙafafunsa. Da numfashinsa ya daidaita, sai ya ce mini abu biyu.

"Kada ki faɗa wa Inna. Shekara da shekaru tana ɗauko shi a ka."

Na ce to.

"Sannan ki mai da ni gida kafin shuka. Ina so in zuba iri a gonar Baba."

Abokan aikinsa dai ya faɗa musu, da suka zo dubiya. Ya ce su ɗaure hanci, su roƙa a riƙa zuba ruwa a ramin da ake hudawa, haka likita ya ce. Wani ya ce likitan bai taɓa riƙe guduma ba, ina ya san abin da ke wanke ƙirjin mai fasa dutse. Maigidana bai ja maganar ba, ba shi da numfashin gardama.

Ƙaninsa ya zo ɗaukarmu da motar haya a ƙarshen bazara. Ana ɗaura kaya Inna ta iso da ƙaramar ƙwaryar. Ta tsaya ta dube shi a zaune a gaban mota, ta kasa kiransa mai farin kai, don ya daɗe bai je dutsen ba, kan ya koma baƙi. Ya karɓa ya sha rabi, ya ce sauran na hanya ne. Ta ce ya tafi da ƙwaryar. Sannan ta ja ni gefe, bayan darbejiya.

"Amarya, faɗa mini gaskiya. Nonon bai yi ba, ko?"

Na ce, "Ya sha, Inna. Kullum yana jin daɗinsa."

Ta daɗe tana kallona. Ta gyara gammonta, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tafi ba ta waiwayo ba.

A Kwandiko aka gyara mana tsohon ɗakinmu. Iskar garin ta yi masa daɗi, amma ba ta ƙara masa ƙarfi ba. Ba ya iya kwanciya miƙe, sai a jingine da bango, an tara masa matasai. Kullum da hantsi a fito da shi ƙofar gida, ya fuskanci gabas. Ruwa kuwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, mu kwashe shanya, sai ya watse. An ce an yi ruwa a Sara, an yi a Zandam, mu ko ɗigo. Ni ina duban sama, ina duban ƙirjinsa yadda yake ɗagawa, ban san wanda zai riga wani ba.

Ƙaninsa ma ya ga abin da nake gani. Wata safiya ya zo ya tsuguna a gabansa, ya ce, Yaya, mutane sun fara binne, mu ma mu je mu yi. Wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa, ya zauna ya jira ruwa. Ya ce a gobe ma za a iya, ya riga ya gyara iri.

Maigidana ya girgiza kai. Ya ce, "Ƙura ta ishe ni. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nake so in taka."

Ƙanin ya fito ya same ni a madafa, ya ce matar Yaya, ki yi masa magana, ke yake ji. Na ce tun yaushe? Ni da aka ce mini rani ɗaya. Muka yi dariya kaɗan, shi ya juya ya share ido da hularsa. Ban yi wa maigidana maganar ba. Na ga wannan abu ɗaya ne ya rage da yake zaɓa da kansa.

A kwanakin nan abinci ya daina shiga sosai. Nono kawai yake karɓa, a ƙwaryar Inna, daga wajen wasu Fulani na bayan gari. Na ɗauka zai ƙi shi bayan abin da likita ya ce. Da na tambaye shi, sai ya ce da can magani yake sha, yanzu ne ya fara jin ɗanɗanonsa.

Ruwan ya zo wata ranar Laraba bayan azahar, ba tare da wani dogon hadari ba. Ya sauka da ƙarfi, indararo ya yi ta zuba, tsakar gida ta cika. Ya ce in ɗage labule. Ƙamshin ƙasa ya shigo ɗakin, ya lumshe ido yana ja a hankali, iya inda ƙirjin ya yarda. Da aka ɗauke, ƙaninsa ya fita ya tona ƙasa da hannu, ya dawo ya nuna masa damshi har wuyan hannu. Maigidana ya ce ruwan ya yi.

Washegari da sassafe aka ɗora shi a amalanke, aka shimfiɗa masa tabarma, ni ina bin su a ƙasa da ƙoƙon iri. Duk gonakin hanya cike da mutane, ana ta ɗaga masa hannu, ana cewa manomi ya dawo. Aka sauke shi a gindin tsamiya. Ya cire takalmi ya ajiye, ya tsaya da ƙafa a kan ƙasar, yatsunsa suna nutsewa.

A shuka, namiji ne ke gaba da sungumi yana sara rami, mata da yara suna biye suna zuba iri suna rufewa da dunduniya. Ya ce a ba shi sungumin. Ƙaninsa ya miƙa masa. Ya ɗaga ya sara, ramin ya fito daidai, kamar bai taɓa barin gona ba. Ya sake. Bai yi nisa ba tari ya kama shi, ya durƙusa yana riƙe da ƙotar, leɓensa ya canja launi. Muka tsaya, ba wanda ya taɓa shi, don mun san ba ya so.

Da ya lafa, ƙanin ya karɓi sungumin a hankali ya ce, "Yaya, yau dai aikin mata ya rage maka. Karɓi ƙoƙo wajen matarka."

"Kai dai sara daidai," in ji shi. "Tun kana yaro layinka a karkace yake."

Haka aka yi. Ƙanin yana gaba yana sara, yana rage sauri. Shi yana biye, ya ɗebi iri da yatsu uku ya saki a rami, ya ja ƙasa da dunduniya ya danne. Ƙoƙon ya yi masa nauyi, na karɓa na riƙe masa. Sai ya ɗora hannunsa na hagu a kafaɗata. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa taɓa ni a gaban mutane ba. Na ji matan gonar maƙwabta sun yi shiru. Ban ɗaga kai ba, kuma ban matsa ba. Ina jin numfashinsa a gefen kunnena kamar ana jan zarto a nesa, ina jin nauyinsa, wanda bai kai na yaro ba. Muna zuwa rami, mu tsaya, ya zuba, ya rufe, mu huta, mu matsa.

A tsakiyar layin ya tsaya ya ce mini, "Kin ji? Ba ƙura."

Na ce na ji.

Layi ɗaya muka yi, daga tsamiya zuwa iyakar gona. A can ya zauna a ƙasa, ƙafafunsa duk laka, ya ƙi a wanke masa sai da muka koma gida.

Ya ga tsiron. An sake kai shi a amalanke bayan noman farko, ya duba layinsa, ya ce ƙaninsa ya bar ciyawa a gindi. Bai ga geron ya fid da kai ba. Ya rasu wata safiya ana yayyafi, a jingine da bango, 'yarmu tana riƙe da hannunsa.

Ina cikin takaba aka yi girbi. Ƙaninsa ya yanke wannan layin daban, ya ɗaure ɗan ƙaramin dami, ya kawo ya ajiye a ƙofar ɗakina. Na rataye shi a ciki. Da na fita takaba, na ware zangarniyar da ta fi cika na ajiye don iri, sauran na sussuka, na surfa, na daka, na yi fura. Na sa a kwano na hau mota zuwa Birnin Kudu, da sunan zan kwaso sauran kayana.

Tsohon gidanmu, wasu ne a ciki yanzu, tsagar bangon tana nan. Na zauna a tushen darbejiya na jira la'asar. Wata yarinya matar aure ta fito daga gidan da kwanonta, ita ma jira take. Mijinta yana kan injin huda, ta ce. Na faɗa mata abin da likita ya faɗa mana, kamar yadda ya faɗa, ban ƙara ba. Ta saurara har na gama. Ta ce, to Hajiya, in ya dawo me zan ba shi? Na ce ta ba shi nonon, amma ta sa ya ɗaure hanci, ko zai yi fushi. Ta ce to. Ban sani ba ko ta yi.

Inna ta iso a hankali, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta riga ta ji labari. Ta sauke ƙwarya, ta yi mini gaisuwa. Ta sallami yarinyar. Sannan na buɗe kwanon na ce geron da ya shuka da hannunsa ne. Na fito da ƙaramar ƙwaryarta na miƙa mata.

Ta juya ta a hannu, ta ga inda bakinta ya ɗan goge. Ta zuba kindirmo, ta gutsura furar, ta dama da ludayi, ba ta sa ruwa ba. Can wajen dutse aka busa usur, mata suka fara kiran yara. Mu ba mu tashi ba. Ta rufe ƙwaryar da faifai har ƙarar ta wuce, ƙurar ta sauka, sannan ta buɗe ta miƙo mini.

"Sha, amarya," ta ce. "Ki rage mini."

Irin da na ware yana nan a cikin tulu, na toshe bakinsa da toka. Ƙaninsa ya ce layin tsamiya nawa ne duk shekara. Gabas ta fara haɗa hadari a 'yan kwanakin nan, nakan fito tsakar gida in duba.